Koyon Ɗaukar Hoto Daga Tsarawa Zuwa Gyarawa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon ɗaukar hoto suka fi maimaitawa, ko da kyamara suke aiki ko da waya. An jero su daga na sabon shiga zuwa na wanda hannunsa ya fara faɗawa, amma ana iya karanta kowace amsa ita kaɗai.

Ina son in iya ɗaukar hoto sosai. Ta ina zan fara?

Ka fara da fita da niyya. Da yawa daga masu koyo suna tara ɗaruruwan hotuna a wata guda amma ba sa gaba, domin kowane hoto a wurinsu tsintuwa ce: wanda ya yi kyau ba su san abin da ya sa ba, wanda ya lalace ma haka. Abin da ke koyar da mutum shi ne ya san irin hoton da yake nema tun kafin ya bar gida, ya je ya ɗauka, sannan ya zauna gaban allo ya kwatanta abin da ya yi niyya da abin da ya dawo da shi. Duk inda biyun suka saɓa, nan aikin fita ta gaba yake. Danna maɓalli dai ba ya cin ko daƙiƙa guda, yawancin koyon kafinsa da bayansa ake yi.

Dole ne sai na mallaki babbar kyamara, ko waya ta isa?

Waya ta isa a fara, har ma a yi nisa. Sanin haske, inda za a tsaya, lokacin dannawa da abin da za a bari ya shiga hoto, duk ana koyon su da waya. Inda take gazawa sananne ne: sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, ƙarama ce, don haka a wuri mai duhu sai ta cika hoto da ɗigo-ɗigo, ko ta shafe shi har fuska ta koma kamar ta roba. Sannan tana yanke maka shawara da yawa ba tare da ta tambaye ka ba. Idan tana da sashen da aka rubuta Pro, ka riƙa shiga can kana saita abubuwa da hannunka.

Lokacin sayen kyamara ya yi ne idan za ka iya faɗin takamaiman abin da waya ta hana ka. A nan ma tsohuwar kyamara ta hannu da gilashi guda mai 50mm sun wadatar, ko 35mm idan sensar irin matsakaiciyar nan ce da ake kira APS-C, tunda ita tana matso da hoto kusan ninki ɗaya da rabi. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1947, da gilashin 50mm ya yi akasarin aikinsa.

Waɗanne abubuwa uku ne kullum ake cewa sai an san su?

Ƙofar haske, saurin ƙiftawa da ISO. Ƙofar haske rami ne a cikin gilashin kyamara da ake buɗawa ko a tsuke, ana rubuta girmansa da f: f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga kowace lamba zuwa ta gaba a wannan jerin hasken da ke shiga yana raguwa da rabi, shi ake kira mataki ɗaya. Babbar ƙofa kamar f/2 tana fito da mutum tar, bayansa ya narke, tsukakkiya kamar f/11 kuwa tana fito da na kusa da na nesa gaba ɗaya.

Saurin ƙiftawa shi ne tsawon lokacin da ake bar wa haske ya faɗa kan sensa. A 1/1000 na daƙiƙa mai gudu yana daskarewa a sama, a 1/15 ko rawar hannunka sai ta bayyana. Shi kuma ISO yana ƙara wa hoto haske idan wurin ya yi duhu, amma ba kyauta ba: a 100 hoto yana fita sumul, a 3200 ko 6400 ɗigo-ɗigo sun fara yawa, gwargwadon ƙarfin kyamarar.

Ukun suna musayar juna. Idan f/4 da 1/125 a ISO 400 sun ba ka hasken da ya dace, to f/2.8 da 1/250 a ISO ɗin nan za su ba ka haske iri ɗaya, sai dai kamannin hoton ya bambanta. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce wanne cikin ukun ne hoton nan ba zai yi haƙuri da shi ba. Idan motsi ne, ka juya maɓallin saitin kyamara zuwa S ko Tv ka zaɓi ƙiftawa, kyamara ta cike sauran. Idan narkewar baya ce, A ko Av. Babu wata daraja a dagewa kan M, inda kai ke saita komai da hannu, alhali hoto yana wuce ka kana lissafi.

Me ake nufi da tsara ɗaukar hoto? Me zan rubuta?

Layi biyar ko shida a takarda ko a waya, ba wani dogon bayani ba. Wa ko me za a ɗauka, a ina, da ƙarfe nawa, daga ina haske zai zo, me zai kasance a baya, kuma wane abu ɗaya kake son gwadawa yau. Ga misali: “Mutum ɗaya, daga ƙirji zuwa sama. Gefen taga wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye. Ya ba tagar gefen fuskarsa, ba bayansa ba. Bango mara tarkace, ya nisance shi da taku uku. f/2.8, kada ƙiftawa ta gaza 1/125. Gwajin yau: farin kwali a ɓangaren inuwa, hoto ɗaya da shi, ɗaya babu.”

Layin ƙarshen nan ya fi sauran amfani. Idan ka canja abu biyar a fita ɗaya, ba za ka gane wanne ya kawo bambanci ba. In da hali ka je wurin kwana ɗaya kafin nan, a daidai lokacin da za ka yi aikin, ka duba inda rana take da abin da ke cika baya. Manhajoji irin su PhotoPills da Sun Surveyor suna nuna inda rana za ta kasance a kowace sa'a. Sauran shiri kowa ya san shi amma shi ake mantawa: cajin batir, fili a memori, goge gilashi, da neman izinin wanda za a ɗauka ko na mai wurin.

Tsarin ba zai hana ni kama abin bazata ba?

A'a. Wanda ya riga ya san haskensa da saitinsa shi ke da sararin ɗaga kai ya ga abin da ke faruwa. Ka fara ɗaukar abin da ka rubuta, in ka samu, sauran lokacin naka ne.

Wane lokaci ne ya fi kyau a ɗauki hoto a waje?

Jim kaɗan bayan fitowar rana da gab da faɗuwarta. A lokacin rana tana ƙasa, haskenta yana zuwa ta gefe, yana da ɗumin launi, inuwa tana da tsawo kuma tana fito da siffar abu. Ana cewa sa'a ɗaya ce, amma tsawonta ya danganta da inda kake a duniya: kusa da tsakiyar duniya rana tana faɗuwa a miƙe, don haka lokacin gajere ne ƙwarai, a ƙasashen da ke can arewa ko kudu kuwa yana jan ƙafa, musamman da bazararsu. Shi ya sa ake isa wuri da wuri a gama saiti kafin hasken ya zo. Bayan rana ta ɓace kada ka yi saurin naɗe kaya, akwai 'yan mintoci da sama ke yin shuɗi, fitilun gari sun kama, hasken biyun ya daidaita. Sai dai a nan kana bukatar abin ɗora kyamara mai ƙafa uku.

Ranar da hadari ya rufe sama ma rana ce mai kyau ga hoton fuska, ko da yake mutane suna raina ta.

Idan dole ta sa sai da tsakar rana, ko a cikin ɗaki fa?

Matsalar tsakar rana ita ce haske yana sauka daga sama tsaye, sai idanu su faɗa rami, ƙasan hanci da haɓa su yi baƙi, goshi yana ƙyalli. Ka kai mutum bakin inuwa, ƙarƙashin rumfa ko bakin ƙofa, ya fuskanci sarari. Ka guji inuwar bishiya mai ratsin rana, tana yi wa fuska dabbare-dabbaren da ba sa gyaruwa. In babu inuwa, ya ba rana baya, ka mayar masa da haske a fuska da farin kwali ko farin ƙyalle. Ga mai son mafarin saiti a rana tsaka, akwai tsohuwar ƙa'ida: f/16, ƙiftawa kuma daidai da lambar ISO, wato 1/100 a ISO 100.

A ɗaki, taga ita ce fitilarka. Ka kashe ƙwan lantarki idan launinsa ya saɓa da na taga, domin haɗuwar ruwan ɗorawa da shuɗi a fuska ɗaya tana ba da wahala wurin gyara. Abu biyu za ka riƙe. Na farko, duk yadda tushen haske ya yi faɗi kuma ya matso, haka inuwarsa ke yin laushi. Na biyu, haske yana mutuwa da sauri: idan ka ninka tazarar mutum da fitila, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken kawai zai same shi. Shi ya sa a hoton taro na gaba ke ƙonewa, na baya su nutse cikin duhu. Idan ka ga ratsi-ratsi a hoto ƙarƙashin wasu fitilun LED ko dogon ƙwai, ƙyaftawar wutar ce, ka sauko da ƙiftawa zuwa 1/50 ko 1/100 inda lantarki ke 50Hz, 1/60 ko 1/125 inda yake 60Hz.

Me ya sa hotunana ke fitowa dishi-dishi?

Dalili uku ne, kuma kowanne da alamarsa. Ka buɗe hoton ka zuƙo shi sosai. Idan komai da komai ya ja gefe ɗaya, har bango da ƙasa, hannunka ne ya girgiza. Idan baya ya fito tar amma mutumin ya shafe, shi ne ya motsa. Idan kuwa kunnensa ko rigarsa ko bangon bayansa ya fito tar, ido bai fito ba, fokas ne ya sauka inda ba a aike shi ba.

Maganin na farko: kada ƙiftawa ta gaza lambar gilashinka, wato 1/50 ga 50mm, 1/200 ga 200mm, ka kuma manne gwiwar hannu a jiki. Na biyu: 1/125 ga wanda yake zaune, 1/250 zuwa 1/500 ga yara da masu tafiya, 1/1000 ga wasanni. Na uku: ka zaɓi ɗigon fokas ɗaya ka ɗora shi a idon da ya fi kusa da kai. Kada ka ji tsoron ɗaga ISO don samun wannan saurin. Ɗigo-ɗigo suna raguwa a wurin gyara, girgiza kuwa tana cikin abubuwan da aka lissafa a amsar abin da gyara ba ya iyawa.

Fuskar mai duhun fata tana nutsewa, farar riga kuma tana ƙonewa. Ina matsalar?

Ma'aunin hasken kyamara bai san abin da ke gabansa ba. Yana ɗauka cewa idan aka gauraya duk abin da ke cikin hoto, toka-toka ce tsaka-tsaki za ta fito, mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na haske. Don haka idan farin bango ko sarari mai haske ya cika baya, sai ya rage haske, fuska ta tafi. Son kai a wannan fanni ma yana da tarihi: a shekarun 1950 katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne, da fatarta ake auna komai.

Gyaran yana wurin ɗauka. Ka auna haske a kan fuska, a waya ta hanyar taɓa fuskar a allo, a kyamara da maɓallin +/-, ka ƙara rabin mataki ko ɗaya kana lura da rigar. Amma ƙara haske kaɗai ba ya wadatarwa. Fata mai duhu da sheƙinta take nuna siffa, saboda haka faffaɗan haske mai laushi daga gefe, irin na taga ko bakin inuwa, shi ke fito da kunci da goshi. Ka zaɓi bayan da bai fi fuskar haske sosai ba. Wanda ke son ganin yadda ake yi ya nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948 kuma da hasken rana ya yi yawancin aikinsa: fata, farin yadi da zanen baya duk suna fitowa a hoto ɗaya, babu wanda ya cinye wani.

Yaya zan jera abubuwa a cikin hoto?

Ƙa'idar kashi uku, wato raba allo gida tara a ɗora abu a mahaɗar layuka, tana da amfani a makon farko don ta raba ka da ɗora kowa a tsakiya. Bayan nan ba doka ba ce. Abin da ya fi ta tasiri shi ne duba gefuna huɗu da baya kafin ka danna: sandar da ta tsiro daga kan mutum, rabin mota, hannun wani. Taku ɗaya zuwa hagu ko ɗan durƙusawa yana kawar da abin da zai ci maka rabin sa'a a kwamfuta. Kada ka yanke mutum a gaɓa, kamar wuyan hannu ko gwiwa. Kuma kada ka kusanci fuska da babbar kyamarar waya, gilashinta mai faɗi ne, kusan 24mm zuwa 26mm, kusancin yana kumbura hanci. Ka ja baya ka yi amfani da 2x.

RAW ko JPEG?

JPEG hoto ne da kyamara ta riga ta gama: ta zaɓi launi, ta ƙara kaifi, ta matse shi, ta zubar da sauran bayanai. Yana da matakan haske 256 a kowane launi. RAW shi ne abin da sensa ta gani kafin a taɓa shi, mai matakai 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. Wannan rarar ita ke ba ka damar ɗago inuwa, ka dawo da sararin da ya kusa ƙonewa, ka canja daidaiton fari, wato gyaran launi don fari ya fito fari, ba tare da hoton ya farfashe ba.

Ga mai koyo, RAW tare da JPEG ya fi, in memori zai ɗauka. Ka gyara RAW ɗin da kanka, sannan ka ajiye shi gefen na kyamara ka ga wa ya fi. Da farko kyamara za ta riƙa kayar da kai, kuma babu laifi. Kada ka firgita idan RAW ya buɗe fayau babu armashi, haka yake zuwa.

Wace manhaja zan yi gyara da ita?

Wadda za ka zauna da ita wata shida. Lightroom, wadda Adobe ta fitar a 2007, ita ce ta fi yaɗuwa, kuma akwai ta a waya. Darktable da RawTherapee kyauta ne a kwamfuta, sai dai suna da wuyar sabo. Snapseed kyauta ce a waya kuma ta isa a koyi kusan komai na asali. Photoshop, da ta fito tun 1990, da takwararta GIMP na aikin haɗe-haɗe da goge-goge ne, ba nan ake farawa ba. Sharaɗi ɗaya: manhajar ta bar asalin hoton yadda yake, ta yadda za ka iya komawa baya ko bayan shekara.

Na dawo da hoto 400. Yaya zan zaɓa?

Zaɓe rabin gyara ne, kuma nan aka fi yin kasala. Zagaye na farko da sauri: fitar da wanda ya girgiza, wanda aka rufe ido, wanda fokas ya kauce. Zagaye na biyu ka canja tambaya, maimakon “wanne zan cire” ka ce “wanne zan ɗauka”. Inda ka yi hoto goma na abu ɗaya, jera su gefe da gefe ka fitar da ɗaya tak. In ka kwana kafin zagaye na biyu ya fi, domin a ranar ɗauka wahalar da ka sha tana sa ka son hoton da bai cancanta ba, mai kallo kuwa bai san ka hau tsani ba.

Kada ka share waɗanda suka lalace nan take. Amfaninsu yana cikin amsar yadda gyara ke shirya fita ta gaba.

Da me zan fara idan na buɗe hoto don gyara?

Daga babba zuwa ƙarami. Fara da miƙe hoton da datse gefuna, don kada ka ɓata lokaci a kan abin da za ka yanke. Sai daidaiton fari: ana auna launin haske da Kelvin, hasken rana kusan 5,500, tsohon ƙwan lantarki wajen 2,700 zuwa 3,200, inuwa kuma 7,000 ko sama. Ka nemi wani abu da ka san fari ne ko toka-toka a hoton ka daidaita da shi, sannan ka duba fata. Bayan nan hasken hoton gaba ɗaya, sai ka sauko da wuraren da suka yi haske da yawa, ka ɗan ɗago inuwa. Kaɗan fa. Hoton da aka kashe masa inuwa duka yana zama shimfiɗaɗɗe, babu zurfi.

Daga nan sai gyaran sashe-sashe: ƙara wa fuska ɗan haske, rage wa kusurwar da ke jan ido. Wannan ba sabon abu ba ne, a ɗakin wanke hoto ma da hannu da guntun kwali ake tare haske a wani wuri a ƙara shi a wani, kuma Ansel Adams na Amurka ya yi suna a kai. Launi ya biyo baya. Rage ɗigo-ɗigo da ƙara kaifi su ne na ƙarshe, kuma sai ka zuƙo hoton zuwa kashi 100 kafin ka taɓa su.

Idan ka gama, tashi ka ba allon baya na minti goma. Ido yana sabawa da wuce gona da iri cikin sauri. Da ka dawo, duk abin da ya fara tsone maka ido ka rage shi da rabi.

Mene ne amfanin wancan zane mai kama da tsauni da ke gefen allo?

Histogiram ke nan. Hagunsa baƙi ne, damansa fari, tsayinsa kuma yawan ɗigon hoto da ke a kowane mataki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan allo yana yaudarar ido: a rana yana nuna hoto da duhu, da dare yana nuna shi da haske fiye da yadda yake. Zanen ba ya canjawa. Idan ya hau bangon dama ya manne, wani wuri ya ƙone, babu komai a cikinsa. Babu siffar da ake kira daidai, hoton dare dole ya taru a hagu. Ka riƙa duba shi tun a wurin ɗauka, ka kuma kunna alamar da ke walƙiya a inda ya ƙone.

Me gyara ba zai iya gyarawa ba?

Fokas da ya kauce, girgiza mai yawa, farin da ya ƙone ƙurmus, hasken da ya zo daga inda bai dace ba, da yanayin fuskar da ba a kama ba. Manhajojin da ke cewa suna dawo da hoto mai dishi-dishi ƙirƙiro abin da suke zato suke yi, wani lokaci har su sauya wa mutum kamanni.

Ina iyaka tsakanin gyara da ƙarya?

Ya danganta da alkawarin da hoton ya ɗauka. A aikin jarida iyakar a fili take: ana daidaita haske da launi, ana datsewa, amma ba a ƙara abu ba a cirewa. A gasar World Press Photo ta 2015 an kori kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙima. A hoton talla ko na fasaha fili a buɗe yake, muddin ba a ce wa mai kallo haka abin ya faru ba.

A hoton mutum, ma'auni mai sauƙi shi ne a cire abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji, a bar abin da yake nasa, kamar tabo ko tawadar Allah, sai in shi ya nema. Shafe fata har ramukan gashi su ɓace, ko haskaka ta ta bar launinta, a ganina rashin iya aiki ne, ko da mai hoton ya yaba.

Yaya gyaran zai shirya mini fita ta gaba?

Kowane hoto yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF: ƙofar haske, ƙiftawa, ISO, gilashi da lokacin ɗauka. Ka ɗauko hotuna biyar da suka lalace ka karanta nasu. A ce uku sun girgiza, ka duba ka ga 1/20, 1/15, 1/25, duka a ISO 100, duka bayan faɗuwar rana. Ka gano ke nan cewa kana barin ISO a ƙasa bayan haske ya tafi. Layin gwaji na tsarinka na gaba ya samu.

Sannan ka lura da abin da hannunka ke maimaitawa. Idan kowane hoto sai ka ƙara masa mataki ɗaya na haske, to a wurin ɗauka kake ragewa. Idan kullum kana yanke kashi ɗaya cikin uku, ba ka matsawa kusa. Idan kullum kana miƙe shi zuwa gefe ɗaya, riƙonka ne ya karkace, kunna layukan allo. Idan kana yawan goge tarkace a baya, koma amsar jera abubuwa a hoto. Ka rubuta abu ɗaya kawai a ƙasan tsarin da ka fita da shi, kuma in zai yiwu ka koma wuri ɗaya da haske ɗaya ka sake, domin a nan ne kwatancin ke yin ma'ana.

In sayi saitin launi da wasu suka haɗa, ko in yi amfani da filta?

An haɗa su ne a kan hasken wani da kyamarar wani, sau da yawa da fatar wasu, shi ya sa suke mayar da fuska ruwan lemo ko toka. Amfaninsu ga mai koyo shi ne ya ɗora ɗaya, ya buɗe ya ga waɗanne ma'aunai aka motsa, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. In kana son hotunan aiki ɗaya su yi kama da juna, gyara ɗaya da kyau ka kwafa saitinsa zuwa sauran da aka ɗauka a haske iri ɗaya.

Na gyara hoto ya yi kyau, da na tura sai ya canja. Me ya faru, kuma yaya zan adana aikina?

Abu uku ake zargi. Ko allonka ya cika haske, sai ka gyara hoton ya yi duhu a wurin kowa: rage hasken allo zuwa tsaka-tsaki, ka kashe saitin dare mai sa shi ja. Ko ka fitar da shi a tsarin launi na Adobe RGB, wanda ke kodewa a wasu manhajoji: don intanet sRGB ake zaɓa. Ko kuma dandalin ne ya matse shi. WhatsApp yana rage hoto sosai sai in an tura shi a matsayin fayil. Don bugawa a takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton inci 8 da 10 yana bukatar fiksel 2,400 da 3,000.

Wajen adanawa, ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam ko a ma'ajiyar intanet. Ka sa wa kowace jaka suna da shekara, wata da rana a gaba, kamar 2024-03-15, sai sunan aikin, don su jeru da kansu. Ka ajiye RAW na waɗanda ka zaɓa tare da takardar tsarin ranar. Kada ka goge memori sai ka buɗe hotunan a wuri na biyu ka tabbatar suna buɗewa, kuma idan za ka goge, a cikin kyamarar za ka yi, ba a kwamfuta ba.